Askin Ango

Anthi ta sauka daga bas a bakin tsohuwar kasuwar Volos da robobin naɗin gashi goma sha huɗu a kanta, ta lulluɓe su da ɗankwali, ƙafarta cikin silifas ɗin gidan gyaran gashi. Jan farcen da aka shafa mata bai gama bushewa ba, sai ta riƙe hannuwa a buɗe tana ratsa masu kifi da masu zaitun. Ɗazu kafin ta hau bas, mai gyaran gashin ta biyo ta har titi tana cewa amarya ba ta yawo ranar aurenta, ita kuwa ta ce a ba ta minti arba'in. Ƙarfe sha ɗaya ne na safe. Ƙarfe shida na yamma za a ɗaura aurenta da Vaia a ofishin magajin gari, bayan shekara goma sha huɗu suna zaune tare suna jiran doka ta buɗe ƙofa.

Gashi ne ya fito da ita, amma ba nata ba. Vaia mace ce da ba ta barin gashinta ya kwana goma. Ta shiga banɗaki da kilifa, ta fito kai ƙwal, ta bar wa Anthi shara. To, yau mako shida ke nan ba ta taɓa shi ba, har ya soma rufe mata kunne. Da Anthi ta yi magana, sai ta ce kilifar ce ta lalace. Da safen nan Anthi na neman fil a aljihun tebur ta ci karo da kilifar, ta jona ta a wuta don ganin ƙwaƙwaf, ta tashi garau. Tana gidan gyaran gashi tana juya abin a ranta sai ga wayar Goggo Marika, ƙanwar mahaifin Vaia: wai Lambros wanzami, wato uban Vaia, ya ce zai zo ɗaurin aure, har ya goge kwat ɗinsa, amma shago yana nan buɗe yadda ya saba kowace Asabar, kada wani ya jira shi da aska. Nan take Anthi ta gane wa aka tara wa gashin nan.

A unguwarsu ba a kai ango wurin ɗaurin aure sai an zaunar da shi a tsakar gida an yi masa aski, abokai na kewaye da shi suna waƙa suna tsokana. Shekara hamsin ke nan Lambros ne mai yin wannan aski. Vaia takan ce ita ba ango ba ce, amarya ce mai wando, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi ubanta ba. Su biyun haka suke, a bar kaza cikin gashinta. Kowace Lahadi su ci abinci tare, su yi musu kan ƙwallo, ya zuba wa Anthi giya ya kira ta Malama, saboda tana koyar da kimiyya a sakandare. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai kuma taɓa yi mata tambaya ko ɗaya ba. Wannan shirun ya daɗe yana cin ta, ba don yana mata zafi ba, sai don ta kasa gane abin da ke cikinsa.

Ba ta taɓa shiga shagon ba. Da ta tura ƙofa, ƙaramar ƙararrawa ta kaɗa, sai ta tsaya tana kallo kamar ba rigima ta kawo ta ba. Kujera ɗaya ce tal, ta baƙin ƙarfe da jar fata, hannuwanta sun yi sumul don shafa. Fatar wasa aska na rataye a gefenta. Bango cike da hotunan anguna, fuska duk kumfa, wasu hotunan sun koɗe har ba a gane mutum. Wurin na ƙamshin lemun tsami da gahawa. A kan benci wani tsoho mai suna Sotiris, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana kaɗa ɗan carbin nan da tsofaffin garin ke kashe lokaci da shi. A kan kujera kuma mahaucin layin ne, rabin fuskarsa fari fat da kumfa.

Lambros ya ɗaga aska daga wuyan mahaucin, ya dube ta ta cikin madubi, daga ɗankwali zuwa silifas. Ya tambaya ko wani ne ya mutu. Ta ce babu. Ya ce to ta zauna, ba ya barin mutum da rabin gemu. Sotiris ya matsa mata, yana ta satar kallon robobin kanta, can ya kasa haƙuri ya tambaya ko suna da zafi. Ta ce sosai. Ya girgiza kai ya ce shi ya sa Allah bai yi shi mace ba.

Ta zuba wa hannun Lambros ido. Shekararsa saba'in da huɗu, amma askar na tafiya ba gargada. Yana ɗora yatsu biyu a fata ya ja, ya bi da aska, ya goge a tawul. Haka Vaia ke riƙe wuƙa idan tana feraye dankali, ɗan yatsan ƙarshe a ɗage. Anthi ba ta taɓa sanin inda ta samo shi ba.

Da ya gama, mahaucin ya ƙi tafiya. Ya koma benci ya ce ƙafarsa ce ke ciwo. Anthi ta ga dai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta faɗi abin da ya kawo ta a gabansu duka: Vaia ta tara gashi mako shida, ta yi ƙaryar kilifa, tana gidan aminiyarta Rena tun jiya, kuma ƙarfe ɗaya Rena za ta yi mata askin da kanta in ba a sami wani ba. Sotiris ya ce Rena direbar bas? Ai wannan ko shingen lambu bai yarda ta aske ba.

Lambros bai yi dariya ba. Ya wanke burushi, ya tsane shi, ya ajiye. Sannan ya ce shi yana da ƙa'ida, kowa a layin nan ya sani. Ba ya aske angon da ya san za a bari. Sau ɗaya ya taɓa yi, shekara arba'in da suka wuce, wani ɗan masunta, alhali yana ganin idon amaryar ba ya wurin. Ba a shekara ba ta tafi, yaron ya shiga kwalbar giya bai fito ba. Tun daga ranar, in ya ga alama, sai ya ce hannunsa na ciwo. Sau biyu ya ƙi, sau biyun kuma maganarsa ta fito. Mahauci ya gyaɗa kai, ya ce ɗaya daga ciki ɗan ƙanensa ne.

Anthi ta yi zaton za ta ji maganar coci, ko ta abin da mutane za su ce. Ta ma shirya amsarsu tun a bas. Wannan kuwa ba ta zo da shirinta ba.

"Wato ni ce zan tafi?"

"Malama, ita Vaia na gane ta," in ji shi. "Tana shekara biyar take hawa akwati tana shafa wa balan-balan kumfa. Ba ta taɓa ruɗa ni ba. Ke ce ban gane ba. Dube ki fa. Kin wuce ta kasuwa, masu kifi su manta da sikeli. Mace irinki, me ya kai ki? Tausayi ne, ko jira kike wani ya zo?"

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya jingina da kujera, ya karkata kai, yana kallon ta kamar yadda ɗalibanta ke kallon ruwa ya canja launi a kwalba. Da gaske so yake ya sani, kuma da alama shekara goma sha huɗu yana so. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta dariya, domin tambayar ba baƙuwarta ba ce. An yi mata ita a ƙofar gidan rawar mata a Tasalonika, inda mai gadi ta ce ko ta yi ɓatan hanya ne. An yi mata ita a tattakin alfahari na masu son jinsinsu, na farko da ta je, da dogon takalmi da jan baki, wata ta miƙo mata ruwa tana gode mata da ta zo mara musu baya. Vaia kuwa ko daga bayan bas aka hango ƙeyarta an san ko wace ce, har ana ce mata direbar tirela, ita da ko lasisin babur ba ta da shi. Ita Anthi kullum sai ta faɗa da baki, kuma kullum sai an sake tambaya.

Sai ta ba su labarin da ba ta taɓa ba kowa ba sai Vaia. Tana shekara goma sha shida, a garinsu can kan dutse, akwai wata mata mai kawo tukunyar gas a babur mai ƙafa uku. Hannun riga a naɗe, sigari a bayan kunne, ta saɓa tukunya a kafaɗa ta hau bene ba ta haki. Ranar da Anthi ta fara shafa jan baki a duniya, ranar kawo gas ce. Ta tsaya a matakala tun safe. Matar ta wuce, ta dube ta, ta ce kalar ta karɓe ta, shi ke nan. Anthi ta yi wata guda tana buɗe murhu a banza don gas ya ƙare da wuri, har uwarta ta kira mai gyara.

Mahauci ya tuntsire da dariya har yana dukan cinya. Sotiris ya tambaya ko matar ta sani. Anthi ta ce ta sani mana, ai irinsu suna gane juna tun daga nesa, su ne kaɗai ba sa tambayar ta ko ta ɓata.

"Baba Lambros, duk kwalliyar nan da kake gani, ba a taɓa yin ta don namiji ba. Da namiji nake so, ga su nan cike da gari, har a benci ake ajiye su. 'Yarka ba rabin namiji ba ce da na riƙe kafin in sami cikakke. Mace ce, irin wadda nake so tun ban san sunan abin ba."

Sotiris ya ce a cire shi daga maganar benci. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, don tsofaffin nan ashe sun daɗe da su a ciki. Wa ke tuƙi? Anthi. Wa ke dafa abinci? Vaia, kuma ta fi gidan abinci. Wa ke kashe kyankyaso? Duk wadda ba ta riga hawa kujera ba. Mahauci ya so ya san ko Vaia na taɓa sa siket, Anthi ta ce sau ɗaya, a jana'izar kakarta, kuma ta yi tafiya kamar an ɗaure akuya. Ta amsa duka ba ta gaji ba. Ta ga abin nasu ba mugunta ba ce, rashin wanda za su tambaya ne.

Lambros dai yana nan jingine da kujerarsa. Sai ta juya kansa. Ta ce ta amsa tasa, saura tata: me ya sa bai taɓa yi wa 'yarsa aski ba, tun kafin a san wata Anthi a duniya?

Wanzami ba ya son jarfa. Ya ɗauki tsintsiya ya share inda babu gashi, ya gyara kwalaben da ke tsaye daidai. Sannan ya faɗa, yana kallon ƙasa. Tana shekara goma sha bakwai ta shigo shagon nan ranar Asabar, ta yanke kitsonta da almakashinsa a gida, kai duk tsani-tsani. Ta ce ya daidaita mata. Shago cike da maza. Ya ce ta tafi wurin uwarta, nan ba wurin mata ba ne. Ta tafi, amma ba wurin uwarta ba, wurin wani mai aski a tsallaken gada. Ba ta sake tambaya ba, shi ma bai sake tayarwa ba.

"Kunya ce ta fara, daga baya ta zama sabo," in ji shi. "Ni da kai nake fara ganin mutum kafin fuska. Amma shekara ashirin da shida ke nan ina kallon 'yata daga gira zuwa ƙasa."

Tausayinsa ya kama Anthi, kuma ta ji haushin tausayin, don agogon bango ya nuna sha biyu saura. Ta ce to yanzu fa? Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Labarin mai gas ya yi daɗi, amma kowace amarya tana da labari mai daɗi ranar aurenta. Waccan ta ɗan masunta ma har kuka ta yi tana yabon mijinta.

A nan haƙurin Anthi ya ƙare. Ta miƙe, roba ɗaya ta faɗo daga kanta ta gangara ƙarƙashin kujera. Ta ce yabo? Wa ya ce yabo ta zo yi? Vaia mace ce da ke zuba gishiri a abinci kafin ta ɗanɗana. Mace ce da ke minshari har maƙwabta sun taɓa buga bango. Safa ɗaya a falo, ɗaya a kan firji. In ta yi fushi ba ta magana sai ta kama wanke tukwanen da aka riga aka wanke. Ta gwammace ta yi mako shida da kai kamar sheƙar tsuntsu, ta yi wa matarta ƙarya, da ta ɗaga waya ta ce Baba zo. Shekara goma sha huɗu tana fama da wannan taurin kai, yau ta ga inda aka haƙo shi, kuma ga dukkan alamu haka za ta yi ta fama har ta tsufa, da ɗaya a gida ɗaya a shago.

Ta tsaya tana haki. Carbin Sotiris ma ya tsaya. Lambros ya dube ta ya daɗe. Sai ya juya wurin mahauci.

"Ka ji ko? Mai shirin tafiya yabo take yi. Wannan ba inda za ta."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko robar ya miƙa mata. Ya ciro wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin madubi, ya jera aska, almakashi biyu, burushi, kofin kumfa da farin mayafi. Ya kori tsofaffin, ya juya allon ƙofa. A bas bai yi magana ba sai sau ɗaya, ya tambaye ta ko jan farcen nan yana fita da sabulu. Ta ce a'a, akwai ruwansa daban. Ya ce ikon Allah.

Gidan Rena na can bayan tashar jirgin ruwa, tun daga lungu ake jin hayaniya. Tsakar gidan cike da mata, wasu da falmaran da takalman maza sun sha mai, wasu da riguna masu walƙiya suna fifita da faranti, wasu kuma ba a nan ba a can. Sun daɗe da sanin juna, sun yi tattaki tare tun lokacin da 'yan sanda suka fi su yawa. Da suka hango Anthi sai ihu, wai amarya ba ta ganin abokiyar aurenta kafin lokaci. Ta ce ta ga abin da ya fi haka. Duk da haka suka tura ta kicin, suka ja labule, ta sami tsaga ta saka ido.

Vaia na zaune a kujerar roba ƙarƙashin inabi, da farar singileti, gashi ya sauko mata goshi. Rena ta ɗaura mata tutar bakan gizo ta tattakinsu a wuya a madadin mayafi, tana tsaye da kilifa tana neman inda za ta fara. Vaia ta ɗago ta ga wanda ya shigo. Ba ta tashi ba, hannuwanta dai suka kama gwiwoyinta.

Lambros ya gaishe da matan ɗaya bayan ɗaya kamar ya shiga coci. Ya taɓa tutar da yatsa, ya ce yadin yana da santsi, gashi zai zame ya shiga wuya, a mayar da ita inda za ta sha iska. Rena ta rataye ta a jikin inabin. Ya karɓi kilifar daga hannunta ya ajiye can nesa, ya kaɗa farin mayafinsa ya ɗaura. Wata daga baya ta tambaya ina za a sa kumfar tunda ba gemu. Ya ce shekara hamsin yana aske angunan da ba su da gemu, ƙeya da bayan kunne ba su taɓa ƙarewa ba. Aka yi dariya, wata dattijuwa mai ƙaton murya ta ɗauko waƙar askin ango, sauran suka karɓa.

Ya tsaya a bayan Vaia, ya sa mataji ya ɗaga gashin. Anthi ta ga hannunsa ya tsaya. Ya sake ɗagawa ta gefen kunne, ya duba tsakar kai, ya duba ƙeya. Waƙar ta ci gaba, amma kicin ɗin na kusa, ta ji shi sarai.

"Yaushe kika yi furfura?"

"An fi shekara goma, Baba."

Ya tsaya da matajin a hannu. Baƙin gashin da ya kora daga shago ya zo ya wuce bai taɓa shi ba, kuma babu askar da za ta dawo da shi. Anthi ta ji hawaye na ɓata mata kwalli, ta bar su. Vaia na kallon gabanta, ba ta ko ƙifta ido.

Tsohon ya goge fuska da gefen hannu, ya ɗauki almakashi ya kaɗa shi sau biyu a iska. Sannan ya ɗora yatsu biyu a ƙeyar 'yarsa ya tura kan gaba kaɗan, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya zauna masa.